Gatarin Fawa a Bakin Shaf

Gidanmu a Safana gidan fawa ne tun kaka da kakanni, ni kaɗai na fanɗare. Ba girman kai ba ne. Warin tumbi ne ban iya ba. In aka farke cikin sa sai nawa cikin ya juya, 'yan'uwa suna dariya ina amai a bayan rumfa. Da na gaji na gudu Katsina na bi mota, na sha zagi da ranƙwashi a gareji har na sami lasin. Baffana, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe gidan bayan rasuwarsa, bai taɓa yafe mani wannan ba. Duk sanda ya gan ni da baƙin mai a riga sai ya ce ga wanda ya bar tsoka ya koma lasar ƙarfe. Mutum ne mai ƙarfi da saurin hannu, wanda ya yi imani cewa duk abin da ya ƙi motsi duka ne bai ji ba. Allah ya jiƙansa, amma kansa tauri gare shi.

A shekarun nan na bayan babban yaƙin Turawa ina tuƙa wata tsohuwar kitika ta wani ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa da ƙiraga. Ƙaramar motar kaya ce, gaba mutum uku in sun matsu, baya bodin katako mai ɓaraka ko'ina. In kaka ta yi aka shiga bukukuwa, mai motar yakan bar ni in kai mahauta ƙauyuka su yi yanka, in dawo masa da fatu. Inda mahauta suka sa ƙafa kuwa, 'yan dambe da makaɗan kalangu na biye. Cikin 'yan damben akwai ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba shi da yawan magana, ba shi da faɗa a gida, ko akuya zai yanka sai ya shafa mata wuya tukuna. Amma in aka naɗe masa hannu da zare aka taɓa kalangu, sai ya koma wani mutum daban. Duk duniya ba wanda nake so kamarsa, ban kuwa taɓa gaya masa ba, don a gidanmu ba a irin wannan magana.

Abin ya faru ne a wani ƙauye gaba da Karare, inda aka yi bikin kaka. Da hantsi aka share fage a wata gonar gero da aka girbe. Mutanen ƙauyen suna da gwarzonsu, wani bahago ɗan manoma, kakkaura, wanda aka ce ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Shi aka haɗa da ƙanena. Karon farko suka yi ta zagayen juna ba wanda ya sami sa'a. A na biyu bahagon ya sakar masa naushi a baki, leɓe ya tsage, haƙori ya faɗo, ƙauye ya ɗauki sowa. Ƙanena ya tofar da jini, ya sunkuya kamar zai faɗi, ya taso da hannunsa daga ƙasa ya same shi a ƙarƙashin kunne. Ina tsaye nesa kusa da mota amma sai da na ji ƙarar. Bahagon ya tafi da baya a sandare, ƙeyarsa ta daki busasshiyar kunyar gona.

A al'adar dambe wannan ba komai ba ne. A zuba wa mutum ruwa, ya tashi yana layi, a yi masa dariya, gobe ya rama a kan wani. To, shi an zuba ruwan bai tashi ba. Jini ya fara bin kunnensa, ya shiga wani irin minshari da idonsa a buɗe.

Yana da wa, wani dogo mai tsagar fuska, da kuma ƙane, autansu. Dogon ne ya fara cewa akwai ƙarfe a cikin naɗin hannun ƙanena. Kafin a ce kwabo sun rufe shi. Suka danne shi, suka sa wuƙa suka yanke zaren har da naman hannunsa, suka warware tsumman. Ba su sami komai ba sai wata 'yar laya da uwarmu ta ɗinka masa. Da na zaci wannan zai kwantar da su, ashe rashin samun ƙarfen ne zai ƙara tunzura su. Aka shiga dukansa da sanduna da ƙotar fartanya. Na kutsa, wani ya fasa mani gira. Baffa, da ya zo yanka tare da mu, ya kwantar da mutum biyu da hannu kafin a yi masa taron dangi. Makaɗanmu kuwa, masu kirarin ba gudu ba ja da baya, tuni sun tsallake shinge sun bar kalangu a ƙasa ana tattakewa.

Mai gari ne ya cece mu, shi da dattawansa, suka tsaya a kan ƙanena da jikinsu. Ya ce tunda ga mota, a ɗauki yaro a kai shi asibitin Katsina, ta Batsari. Ya sa aka karɓe wuƙaƙen mahauta duka. Dogon ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ya nuna ƙanena da sanda ya ce, "Da wanga za mu tahi, a ɗaure. In ɗan'uwana ya cika, shi ma ya cika. Rana guda za a yi masu sutura." A gaban mai gari ya faɗi wannan, ba wanda ya ce masa kanzil.

Haka muka tashi. A baya aka shimfiɗa bahagon a kan buhunan gyaɗa marasa kome, mahaifinsu, wani siririn tsoho, ya zauna ya ɗora kan ɗansa a cinya. Ƙanena na can kusurwa, hannuwa a ɗaure ta baya da igiyar shanu, dogon da autan sun sa shi tsakiya. Baffa ya zauna kusa da ni a gaba, yana ta huci yana gaya mani yadda ake tuƙi, shi da bai san birki da kuloci ba.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun jakuna ne da shanu. Da azahar ta gabato muka iso wani rafi da ya ƙafe, yashi zalla. Na san irinsa, ba a tsayawa a ciki. Na ba ta wuta muka ratsa, tana tangaɗi, har muka fara hawan gaɓar tsallake. Nan tayar baya ta hagu ta yi ta juyawa cikin yashi, sai kuma ta cafki dutse a ƙarƙashi. Na ji ƙas. Inji ya ci gaba da ruri, mota kuwa ta tsaya cik, har ta fara zamewa baya sai da na taka birki.

Na san abin da ya faru tun kafin in sauka. A irin waɗannan motoci akwai sandar ƙarfe da ke fitowa daga tsakiyar baya ta juya taya, ita muke kira shaf. Bakinta ya tsuke, yana shiga cikin wani kwanon ƙarfe da ake ɗaure tayar a jikinsa. Tsakaninsu akwai wani ɗan guntun ƙarfe kamar ƙaramin yatsa, ki, wanda ke kwance a cikin tsagi yana riƙe su tare. A can ƙarshen shaf ɗin kuma an yanka haƙora a kewaye, waɗanda wani ƙaton noti ke bi ya matse komai. Kin ne ya tsinke. Wannan bai tayar mani da hankali ba, don ina da wani a ƙarƙashin kujera. Aikin ɗan lokaci ne: cire taya, cire noti, zare kwano, sa sabon ki, mayar.

Amma dogon bai san ki ba, bai san shaf ba. Shi dai ya ji inji na kuka mota ba ta tafiya, sai ya yanke cewa makirci ne. Ya diro ya shaƙe ni da wuyan riga ya haɗa bayana da bodi. "Mi kake nuhi? So kake ya mutu a daji ku gudu?" Na ce masa ƙarfe ne ya karye, ya sake ni in gyara. Ya sake ni, ya koma ya fizgo ƙanena daga mota ya yar da shi a ƙasa kamar buhu, ya ɗaure shi a gindin wata aduwa, inda zan riƙa ganinsa in na waiwaya.

Na sa duwatsu a tayoyi, na sami wani faffaɗan dutse na kafa jak. Tsohon ya ƙi a sauke ɗansa, ya ce motsi zai ƙara masa ciwo, don haka da su a ciki na ɗaga motar. Na cire taya, na zare 'yar ƙusar da ke hana notin kwancewa, na kwance notin na sa a aljihu. Kwanon ya ƙi fita. Wannan ma ba sabon abu ba ne, tsatsa ce da daɗewa. Yadda ake yi, a ɗiga kananzir, a mayar da notin har fuskarsa ta zo daidai da bakin shaf don ya kare haƙoran, a ɗora katako, sannan a doka. Na miƙe na ce kada kowa ya taɓa komai, na zagaya gaba in ɗauko kananzir da guduma da sabon kin.

Kujerar sai an ɗaga ta, kayan kuma sun cakuɗe da tsummoki da igiyoyi. Ina cikin tono na ji ƙanena ya yi wani gurnani, na san an zuba masa sanda. Sai kuma na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, mai nauyi, har motar ta girgiza a kan jak. Aka sake. Aka kuma sakewa.

Ko da na zagayo, ga Baffa tsaye da gatarinsa na fawa. Ashe gatarin yana ƙarƙashin fatu a mota, masu karɓar wuƙaƙe ba su gan shi ba. Ya juya ƙeyar gatarin ya yi ta narka wa tsirarar shaf. Abin haushin kuma, kwanon ya fita. Ga shi can a yashi. Baffa ya dube ni yana haki, fuskarsa cike da alfahari, ya ce, "Ka gani ko? Gaɓa ce. Kowace gaɓa da inda ake buga ta ta rabu. Kai kana can kana neman magani."

Na durƙusa na duba. Bakin shaf ɗin ya baje kamar kan tsohon turke. Haƙoran farko sun narke sun hau juna, na bayansu sun karkace. Na fito da notin na gwada, ko zama bai yi ba, balle ya kama. In kuwa ba noti, ba abin da zai riƙe taya. Ko mun tashi, kafin mu yi nisa za ta wuce mu a guje. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Shi Baffa a ganinsa ƙashin cinyar sa ne, in ya rabu an gama, don mahauci bai taɓa mayar da abin da ya raba ba.

Ban san sanda na miƙe na hankaɗe shi ba. Ƙanen ubana, wanda ko inuwarsa ba na takawa. Na ce masa ya kashe mu, na ce masa jahili, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya kwaɗa mani mari har na ga wuta. Da an bar mu da mun yi abin kunya a rafin nan, amma dogon ya gane daga fuskata cewa wani abu ya ɓaci. Ya zo ta baya ya sauke wa Baffa sanda a tsakar ka, ya fizge gatarin. Baffa ya zauna daɓas, jini na bin goshinsa. Yanzu ga gatari a hannun mutumin da ya rantse zai kashe ƙanena, kuma mu muka kawo masa shi.

"Za ta tashi ko ba ta tashi?" in ji dogon.

Na ce za ta tashi, amma sai na sake fitar da haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, da hannu.

Ina da magagari guda biyu a akwatin kaya, faffaɗa da kuma wata 'yar siririya mai kusurwa uku. Na zauna a yashi, na sa shaf ɗin tsakanin gwiwoyina, kaina a ƙarƙashin katakon bodi. Da faffaɗar na fara, ina cin bajajjen bakin a kewaye, ina karkata ta don ya tsuke. Haƙoran farko sun riga sun tafi, ba batun ceto su, sai dai a share su a kai ga masu sauran rai. Ƙarfen shaf ba ƙarfen fartanya ba ne. Magagari na zamewa a kansa, sai ka danna da ƙarfin kafaɗa kafin ka ga ɗan gari ya zubo. Gumi da jinin girata suna shiga mani ido, ina sharewa da hannun riga.

Dogon bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Ya je ya dawo, ya leƙa, ya ga kamar wasa nake. Ya zuba mani sanda a gadon baya, magagari ta kuɓuce ta ƙara ɓata wani haƙorin. Na juyo na ce masa, "Duba nan. Duk dukan da ka yi mani hannuna rawa zai yi, in ya yi rawa ɗan'uwanka ne zai daɗe a nan." Ya tsaya ya yi tunani, ya ga gaskiya ce. Na yi zaton na yi dabara. Sai ya taka zuwa gindin aduwa ya ce to, ga wanda rawar hannunsa ba ta hana komai.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. In na ɗauki noti na gwada ya ƙi, sai in ji saukar sanda a bayana, a jikin ƙanena. Bai yi kuka ba. Numfashi kawai yake saki ta hanci, wani lokaci ya ce "wash" a hankali. Da ya yi ihu da ya fi mani sauƙi. Sai na daina gwadawa sai na tabbata, amma aikin nan ba ya yiwuwa ba gwaji. Dole ka shafa baƙin mai, ka ɗora noti, ka juya shi baya har ka ji ya faɗa gurbinsa, ka juya gaba kaɗan har ya cije, ka kwance, ka duba inda ƙarfe ya yi ƙyalli. Nan ne ya tokare. Ka sa 'yar siririyar a cikin kwarin, ka bi karkatar haƙorin, ka ci wurin kaɗan. In ka ci da yawa noti ya yi sako-sako, ka kashe shaf gaba ɗaya. In ka tilasta shi da sifana ya hau a karkace, ka kashe notin, ba ni kuwa da wani. Sauri ya haifi nawa, kowa ya san wannan, amma ba a san ɗacinsa ba sai ana dukan ɗan'uwanka saboda nawarka.

Baffa ya rarrafo kusa da ni, rawaninsa jiƙe da jini, ya ce a hankali ko in ba shi ya ɗan taɓa shi da guduma ya daidaita. Wallahi haka ya ce. Na ce masa in ya sake miƙo hannu sai na soka masa magagari. Ya ja da baya ya zauna yana salati.

Duk wannan lokaci akwai abin da nake ji wanda sauran ba su ji sosai. Bahagon yana kwance ne daidai saman kaina, katako kawai ya raba mu. Minsharinsa na sauko mani ta ɓarakar, ja da saki, ja da saki, da wani ɗan kakari a ƙarshe. Tun ina jin tsoronsa har na koma ina jin daɗinsa, don muddin yana yi ƙanena na da rai. Har hannuna ya riƙa bin sa, in ya ja in tura magagari, in ya saki in dawo.

Noti ya fara kamawa. Ya yi zagaye ɗaya ya tsaya. Na kwance, na ci, na mayar, ya ƙara kaɗan. Ina cikin haka na tura magagari na jira a saki numfashi, ba a saki ba. Na tsaya. Shiru. Sai wani ɗumi ya ɗigo ta tsakanin katako ya sauka a damtsena, ya gangara zuwa gwiwar hannu. Na shinshina. Fitsari ne. Ni ɗan mahauta ne ko ban yi gado ba, na san abin da jiki ke yi in rai ya bar shi.

Na ɗaga kai a hankali na leƙa ta tsagar katakon gefe, sai idona ya faɗa cikin na tsohon. Yana kallona. Ya san na sani. Na jira ya yi salati, na jira ihun da zai sa gatari ya sauka a gindin aduwa, har na fara laluben sifana da hannun hagu, ko da yake na san kafin in kai an gama.

Tsohon ya ja gefen mayafinsa ya rufe fuskar ɗansa, ya ɗauki hularsa ya shiga yi masa fifita. Ya ce da murya sosai, yadda kowa zai ji, "Sannu. Sannu, ka ji. Yanzu za mu tahi." Sannan ya ce da ni, "Direba, mi kake jira? Ƙudaje sun dame shi."

Na mayar da magagari kan ƙarfe na shiga gurzawa da ƙarfi, ba don wurin na bukata ba, sai don ƙarar ta cike gurbin minsharin. Na koma kan bajajjen bakin da ba ya cutar da komai na yi ta ci. Autan, wanda ya fi wansa hankali, ya matso ya kama bodi zai hau, yana cewa, "Baba, kamar ya yi shiru." Tsohon ya daka masa tsawa. "Barci ya samu, za ka tashe shi? Ɗauki ƙwarya ka tahi ka tona yashi ka kawo ruwa." Yaron ya tafi. Tsohon ya ci gaba da fifita yana yi wa gawa sannu, muryarsa ko rawa ba ta yi.

Ban san yadda na ƙarasa ba. Yatsuna sun farfashe, magagari na santsi da jini. Na dai san cewa a wani gwajin notin ya wuce inda yake tokarewa, ya tafi sumul da yatsa har ƙasa. Na kwance shi, na fitar da guntayen tsohon ki, na kwantar da sabo a tsaginsa, na ɗora kwano, na mayar da noti. Na sa sifana na hau da ƙafa na matse har ta yi ƙara. Ramin 'yar ƙusar ya tsuke saboda dukan Baffa, sai na zare wata siririyar ƙusa daga katakon bodi na kafa na lanƙwasa. Na mayar da taya na sauke jak. Dogon ya kwance ƙanena daga aduwa ya jefa shi baya. Fuskarsa ta kumbura har ba a ganin idonsa, amma yana numfashi.

Tsohon ya sa 'ya'yansa suka zauna can ƙarshen bodi, wai kada su tare wa mara lafiya iska. Na tayar da mota. Ta hau gaɓar nan kamar ba ita ba. Ina tuƙi kunnena na baya, kowane rami muka faɗa sai in ce yanzu mayafin zai zame. Baffa na gefena yana cewa ai da ma ya san za ta yi, ni kuwa ban gaya masa abin da ke bayanmu ba, don bakinsa ba ya riƙe magana.

Da muka shigo Batsari, inda ya kamata in miƙe hanyar Katsina, sai tsohon ya bubbuga rufin mota. Ya ce in tsaya a ƙofar gidan hakimi. Dogon ya ce, "Baba, mi za mu yi nan? Lokaci na tahiya." Tsohon ya ce akwai maganar da zai yi. Dogarai na zaune a inuwa, suka taso ganin jini a jikinmu. Tsohon ya nuna ƙanena ya ce, "Ku sauke wanga yaro ku riƙe shi. Ku shiga da shi ciki." Suka kama shi suka sauke, suka fara jan sa zuwa zaure. Sai da ya ga sun yi 'yan taku sannan ya yaye mayafin, ya yi salati, ya shafe idon ɗansa.

Dogon ya dubi fuskar. Ya taɓa ƙafar, ya ji ta yi sanyi, ya gane ba yanzu ba ne. Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya diro da gatari. Na tare shi, ya watsar da ni da kafaɗa. Dogari ɗaya ya kauce. Ƙanena ya juyo, hannuwansa har yanzu a ɗaure, ba abin da zai kare kansa da shi. Allah ya sa wani dogarin ya daki hannun dogon da kulki, saran ya goce daga kai ya sauka a kafaɗar dama. Na ji ƙashi ya ba da ƙara. Kafin ya sake ɗagawa sun rufe shi, suka kai shi ƙasa, suka yi ta dukansa har ya daina motsi, autan na kuka yana roƙonsu. Aka ɗaure shi aka ja shi ciki ta ƙofar da aka shigar da ƙanena.

Ƙanena ya rayu. Hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba, dambe ya ƙare, fawa ma sai dai ya zauna ya tsire nama. Alƙali daga baya ya ce abin da ya faru a fage ajali ne. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, da ƙura ta lafa, na koma wajen mota na tarar da tsohon yana nan inda yake, kan ɗansa a cinya. Na tsuguna a ƙasa kusa da taya, na cire hula. Na ce, "Baba, Allah ya jiƙansa. Abin da ka yi mana yau, ban san da bakin da zan gode maka ba."

Ya daɗe bai dube ni ba. Da ya juyo, ba hawaye a idonsa, ƙiyayya ce zalla, irin wadda ban taɓa gani a fuskar mutum ba.

Ya ce, "Kada ka gode mani. Da so samu ne, da hannuna zan yanka ƙanenka, in sha ruwa in yi barci. Uku gare ni, kun ci ɗaya. In wancan dogon ya kashe ƙanenka, Nasara ya rataye mani shi. In koma gida da guda, wa zai noma mani?"

Na tsaya a tsugune kamar wanda aka dasa.

Ya gyara mayafin a kan fuskar ɗansa, ya kira autan ya hau. Sannan ya ce, "Tashi ka mai da mu. Ina so in rufe shi kafin rana ta faɗi."

Na bar Baffa a ƙofar hakimi wajen ƙanena, na shiga na juya mota. Muka koma ta hanyar da muka zo, ta cikin rafin nan, har muka isa ƙauyensu.